MANYAN JIF NA ALFARMA: WACCE CE ZA TA KAI MUTUM GIDA?

Duk inda 'yan Arewa mazauna Kurmi suka yi dandalin hira, ko a Agege ne ko Idi-Araba ko Sabon Badun ko Shagamu ko kuwa kasuwar shanu ta Lokpanta, da wuya a watse ba a taɓo zancen mota ba, balle idan Salla ta ƙarato kowa yana shirin tafiya ganin gida. Nan za ka ji gardama ta kaure. Wani ya ce ba mota sai Land Cruiser, wani ya ce ai Range Rover ita ce sarauniya, wani kuma ya rantse cewa wanda bai hau Marsandi ba bai san daɗin duniya ba. Galibi masu gardamar nan ba su mallaki ko ɗaya daga ciki ba, amma fa da yawansu direbobi ne da makanikai da dillalai, watau mutanen da suka fi masu motocin sanin cikinsu.

To, jama'a, maganar nan ta wuce hirar dare, domin akwai dukiya a cikinta, akwai rai, akwai kuma kuɗin talakawa. Abin da za mu duba a yau shi ne, idan aka ajiye kyan fenti da laushin kujera a gefe ɗaya, wacce ce daga cikin manyan jif ɗin nan take daɗewa tana aiki ba ta kwantar da mai ita ba, kuma me ya sa.

ABIN DA YA TA DA MAGANAR

Mai karatu zai tuna cewa a cikin watan Oktoba na 2023 ƙasar nan ta ɗauki zafi a kan motocin 'yan Majalisar Tarayya. Jaridu sun ba da labarin cewa za a saya wa wakilai 360 da dattijai 109 manyan jif na kamfanin Toyota, kuma an ce kowace ɗaya ta wakilai za ta ci wajen Naira miliyan 160. A lokacin nan mafi ƙarancin albashin ma'aikaci Naira 30,000 ne a wata. In ka yi lissafi, ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi shekara fiye da 440 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara kuɗin mota guda. Ƙungiyar SERAP har kotu ta je don a hana cinikin.

Da aka matsa musu, sai Sanata Sunday Karimi, shugaban kwamitin da ke kula da hidimomin Majalisar Dattijai, ya fito ya kare su da cewa hanyoyin ƙasar nan sun lalace, saboda haka dole a sayi motar da za ta jure har shekara huɗu. Za mu komo kan wannan hujja a ƙarshe. Abin lura a nan shi ne, da aka zo zancen juriya, ba Range Rover suka nufa ba, ba kuma Marsandi ba. Toyota suka nufa.

Abu na biyu da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne halin da aljihu ya shiga. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye a ƙasa da Naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000 a wurare da yawa. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta kai fiye da 1,500 a farkon 2024. Da yake duk wani ƙarfe na motocin nan daga waje ake kawo shi, ko wane gyara ya ninka kuɗinsa. A da, mai hali yana iya sayen mota mai yawan ciwo ya riƙa jinyarta don sha'awa. Yanzu jinyar tana iya cinye jarin mutum.

TOYOTA DA 'YARTA LEXUS

Tun 1951 kamfanin Toyota na Japan ya fara ƙera motar da aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954, kuma tun asali don daji da aikin wahala aka yi ta. Maƙwabtanmu na Chadi sun ga shaida a 1987, lokacin da sojojinsu suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum a kan motocin Hilux da Land Cruiser, har duniya ta sa wa wannan yaƙi suna Yaƙin Toyota. Lexus kuwa suna ne da Toyota ta fito da shi a 1989 don motocinta na alfarma. Lexus LX 570 da manya ke hawa Land Cruiser ce samfurin 200 aka yi wa ado, haka kuma GX 460 'yar'uwar Prado ce, ƙashin bayansu iri ɗaya.

Sirrin daɗewarsu ba wani asiri ba ne. Ana ɗora jikin motar ne a kan ƙarfen shasi mai kauri irin na babbar mota. Injin LX 570 mai silinda 8 ne, lita 5.7, ba shi da turbo, watau babban inji ne da ba a tilasta masa aiki fiye da ƙarfinsa. Bugu da ƙari, Toyota ba ta gaggawar sauya fasali: samfurin 200 ya zauna a kasuwa daga 2007 har 2021, shekara 14 ke nan, saboda haka an daɗe da gano cututtukansa da magungunansu.

Akwai wani kamfani a Amurka, J.D. Power, wanda kowace shekara yake tambayar masu motocin da suka shekara uku a hannunsu irin matsalolin da suka gamu da su. A rahotanninsa na 2023 da 2024 da 2025 Lexus ce ta zo ta ɗaya wajen ƙarancin matsala.

Amma kada a ɗauka ba su da aibu. LX 570 tana da wata na'ura mai aiki da mai wadda take ɗaga motar tana sauke ta, in ta tsufa ta fara yoyo, gyaranta yana da tsada ƙwarai. Lagireto da famfon ruwa su ma sukan gaji. GX 460 ma a 2010 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gargaɗi mutane kada su saye ta saboda gindinta yana zamewa a kwana, har kamfanin ya dakatar da sayarwa ya gyara kwamfutarta. Ga kuma shan mai: LX 570 ba ta wuce kilomita 6 a lita guda in an haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya. Daga Ikko zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, watau lita 170 ko fiye. A farashin farkon 2023 wajen Naira 32,000 ke nan, a na ƙarshen 2024 kuwa Naira 170,000, zuwa kaɗai ban da dawowa.

Wani abin da ya kamata masu sha'awar sabon yayi su sani shi ne, a 2021 Toyota ta fito da samfurin 300 da kuma Lexus LX 600, ta ajiye tsohon injin nan mai silinda 8 ta sa ƙarami mai silinda 6 da turbo biyu. A 2024 sai ga kamfanin ya yi kiran motoci wajen 102,000 a Amurka, Tundra da LX 600 na 2022 da 2023, saboda ɓarɓashin ƙarfe da aka bari a cikin inji tun daga masana'anta, har ya yarda zai sauya musu inji ɗungum. Sunan da tsohuwar ta yi, sabuwar ba ta gaje shi ba tukuna, sai ta shekara goma a kan hanya sa'an nan a yi mata shaida.

RANGE ROVER

Kowa ya shiga Range Rover ya san ya shiga mota. Ba ta da na biyu wajen laushin tafiya da kwarjini, kuma a cikin laka ko yashi, muddin lafiyarta ƙalau, kaɗan ne ke kamo ta. A Ingila aka fara ƙera ta a 1970. Kamfanin ya yi ta sauya iyayengiji: BMW na Jamus ya riƙe shi daga 1994 zuwa 2000, Ford na Amurka daga 2000 zuwa 2008, daga nan sai Tata na Indiya. Wannan ya sa injunan da ke cikinta suka bambanta daga zamani zuwa zamani, bakaniken da ya ƙware a kan ta 2004 ba lalle ne ya san ta 2012 ba.

Ciwonta na farko shi ne jakunkunan iska. Maimakon sifirin na ƙarfe, motar tana zaune ne a kan jakunkunan roba waɗanda wani ɗan famfo yake hura musu iska. Zafin rana da ƙura da ramuka sukan tsattsage robar, famfon ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone, sai mutum ya wayi gari ya tarar motarsa ta durƙusa kamar raƙumi. Na biyu, injinta mai lita 5 ya yi suna wajen lalacewar abin da ke riƙe sarƙar inji, ga kuma bututun ruwa na roba masu fashewa ba sallama. Inji kuwa in ya yi zafi sau ɗaya a cunkoson Apapa ko gadar Anacha, sau da yawa shi ke nan. Na uku shi ne yawan kwamfutoci da wayoyi, waɗanda ba sa shiri da damshin Ikko da Fatakwal. A rahotannin J.D. Power na 2021 da 2022 da 2023, Land Rover, kamfanin da ke yin ta, shi ne ya zo na ƙarshe.

Saboda haka ne za ka ga a kasuwar Berger ana sayar da tsohuwar Range Rover a farashin da bai kai na Lexus sa'arta ba, alhali kuwa a sabunta kusan kuɗinsu ɗaya. Dillalai ba su yi karatun injiniya ba, amma farashin da suke sawa shaida ne. Arahar nan tarko ce, kuɗin da ba ka biya a Berger ba za ka biya shi a Ladipo.

MOTOCIN JAMUS DA NA AMURKA

Marsandi samfurin G, wadda samari ke kira G-Wagon, tun 1979 ake haɗa ta a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, kuma sojojin ƙasashe da yawa sun yi aiki da ita. Jikinta da shasinta ƙarfe ne na gaske. Sai dai wadda attajirai ke saye yau, G 63, injin tsere ne aka dasa mata, mai turbo biyu, wanda yake son baƙin mai na musamman da fetur mai tsabta da bakanike mai kwamfuta. Ba ta cika lalacewa kamar Range Rover ba, amma ranar da ta lalace mai ita zai ji a jikinsa. ML da GL da magadansu GLE da GLS, waɗanda ake haɗawa a jihar Alabama ta Amurka, da yawansu a kan jakar iska suke, ciwonsu ɗaya da na Range Rover ta wannan fuska.

BMW X5, wadda ta fito a 1999, mota ce mai daɗin tuƙi a kan kwalta mai kyau. Mai silinda 6 tana da dama-dama. Mai silinda 8 da turbo biyu, wadda injinta ya fito a 2008, ta yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai da tara zafi, har a 2014 kamfanin ya shirya gyara na musamman ga masu ita a Amurka. Cadillac Escalade kuwa injinta na babbar mota ne, ba shi da wuyar fahimta, amma a watan Afrilu na 2025 kamfanin General Motors ya yi kiran motoci kusan 600,000 a Amurka masu injin lita 6.2, na 2021 zuwa 2024, har da Escalade, saboda injin yana iya bugawa ana cikin tafiya.

ƘASARMU TANA DA NATA HUKUNCI

Duk alƙaluman da muka kawo daga Amurka suke, inda hanya take sumul, mai yake da tsabta, kuma dillalin kamfani yake kusa da kowa. A nan gida sai an ƙara abu huɗu a kan ma'auni.

Na ɗaya, mai. Ba a manta da Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur daga Beljiyam mai yawan sinadarin metanol, ya lalata injunan mutane a Ikko da Abuja. Ƙaramin inji mai turbo da allurar mai ta zamani ya fi saurin jin ciwo daga gurɓataccen mai a kan babban inji irin na da.

Na biyu, kayan gyara da masu gyara. Wanda ya taso daga Ikko ya bi ta Badun da Ogbomosho da Ilori da Jebba ya nufi Mokwa, ko ya bi ta Lokoja da Abuja da Kaduna, ya tambayi kansa: in motar nan ta tsaya a nan, wa zai taɓa ta? Kusan kowane gari a kan hanyoyin nan akwai bakaniken da ya san Toyota, kuma in ba a sami kayan a nan ba za a samu a gari na gaba. Mai Range Rover ko BMW sai ya nemi motar da za ta ɗauke ta zuwa Abuja ko ta komar da ita Ikko. A shekarun da masu satar mutane suka addabi hanyar Birnin Gwari da ta Abuja zuwa Kaduna, tsayuwar mota mai tsada a daji da magariba, da iyali a ciki, ba asarar kuɗi kaɗai ba ce.

Na uku, tarihin motar. Mafi yawan jif da mutanenmu ke saye Tokumbo ne, sun yi shekaru a hannun wani kafin su sauka a Tin Can. Cikinsu akwai waɗanda suka yi haɗari aka daddaɓe su, akwai waɗanda ambaliya ta shanye, kamar ta guguwar Sandy a 2012 da ta Harvey a 2017, akwai kuma waɗanda aka mayar da mitarsu baya. Motar da ta sha ruwan gishiri, ko Lexus ce, wayoyinta za su yi ta ruɓewa a hankali har ta gagara. Har ila yau akwai na sata: a 2024 Hukumar EFCC da ta Kwastan sun miƙa wa hukumomin Kanada motoci masu yawa da aka sato daga can. Kowace mota tana da lamba mai harufa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, kuma da ita ake binciken tarihinta ta intanet a kan kuɗi kaɗan. Wanda zai ba da miliyoyi bai kamata ya ji ƙyashin wannan ba.

Na huɗu, riƙo. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga cikin motocin da ake zagi mu ne muke kashe su. A zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, a cire abin da ke daidaita zafin inji wai don ƙasarmu da zafi, a sayi baƙin mai na jabu a bakin titi, fitila ta kama a gaban direba a sa baƙin tef a rufe ta. Toyota takan haƙura da irin wannan na ɗan lokaci, motar Turai ba ta haƙuri. A nan muna jan hankalin alhazanmu game da direbobinsu. Sau da yawa direba yakan ce, "Alhaji, lokacin juyen mai ya yi," a ce masa ya bari sai wani mako. Ranar da inji ya buga kuwa shi za a kora, har a riƙe masa albashi. Wannan zalunci ne, kuma 'yan'uwanmu da yawa a Kurmi sun rasa abincinsu ta haka.

HUKUNCINMU

In don daɗewa ne da sauƙin gyara da kuma daraja ranar sayarwa, Land Cruiser samfurin 200 da Prado da Lexus LX 570 da GX 460 su ne a gaba, sai dai mai su ya shirya wa gidan mai, ya kuma san ɓarayi ma su suka fi so. Marsandi tana biye, ga wanda yake da bakanike na ƙwarai da aljihu mai zurfi. BMW mai silinda 8 da tsohuwar Range Rover kuwa sai wanda yake da wata motar a gida, kuma ba da jarin kasuwarsa ya saya ba. Ɗan kasuwar da ya kwashe rabin jarinsa na shanu ko goro ko canji ya sayi jif don a gan shi ranar Salla, ya tuna tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma sai ya yi dubu bai fito ba.

Sai mu koma kan 'yan Majalisa. Gaskiya ne motocin da suka zaɓa suna da juriya. Amma hujjar tasu ita ce take kama su. In har mota tana iya shekara 15 tana aiki, don me za a sayi sababbi duk bayan shekara huɗu, a kuma bar wa masu barin gado tsofaffin a kan rahusa? In kuma hanyoyi ne suka lalace, su wa ke zartar da kasafin kuɗin gyaransu? Dattawan cikinmu sun ga zamanin da, bayan rasuwar Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta sa manyan jami'anta hawa Peugeot 504, Fijon da ake haɗawa a Kaduna tun 1975, kuma da ita ake zuwa Sakkwato da Maiduguri a dawo lafiya. Yau ma akwai masana'antar Innoson a Nnewi, akwai kuma umurnin da Gwamnatin Tarayya ta bayar a 2017 cewa ma'aikatu su fifita kayan gida wajen sayayya.

Abin da muke roƙo shi ne, kafin Majalisa ta gaba ta zauna, a kafa doka cewa motar da aka saya da kuɗin jama'a ta zama ta ofis, wanda ya gaji kujera ya gaji mota, ba za a sauya ta ba sai ta cika shekara takwas aƙalla. Kuɗin da aka tsimi a zuba su a hanyar Ilori zuwa Jebba da Mokwa, wadda talaka da mai jif duk suke bi.

Masu shirin tafiya gida kuwa, a duba taya da birki da ruwan lagireto tun ana saura mako guda, a kama hanya da sassafe, kada a yi tafiyar dare. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya dawo da shi lafiya, amin.